Gidan da Madam ta baro a Sligo

Zaman jego ne ya kai ni Dablin, babban birnin ƙasar Ailan. Yayata ta haifi 'yar fari, Innarmu kuma ƙafa ba ta barinta doguwar tafiya, sai aka ce ni in je. Bayan an yi arba'in na fara fita da yamma ina zaga gari, a nan ne na saba da lambun St Stephen's Green. Akwai gunkin kan wata mata a cikin lambun, sanye da rigar soja. Sau uku ina wuce shi kafin na tsaya na karanta sunan: Constance Markievicz. Da na koma gida na tambayi Yaya, ta ce ai a garin nan ba wanda bai san Madam ba, 'yar masu ƙasa ce da ta bar gidan ubanta ta ɗauki bindiga ta yaƙi Ingila mai mulkin ƙasar a lokacin. Na ce to ina gidan uban nata? Ta ce yana can yamma, a Sligo, ita ma ba ta taɓa zuwa ba. Saura mata mako uku hutun haihuwarta ya ƙare ta koma aikin jinya, saboda haka muka sa ranar Asabar.

Jirgin ƙasa muka hau daga tashar Connolly, muka sauka a tashar Mac Diarmada bayan tafiyar kamar awa uku. Duka tashoshin biyu sunayen mutanen da Ingila ta harbe ne a watan Mayu na 1916, abokan gwagwarmayar matar da muka fito nema. Hanya kore shar, shanu da tumaki, muka wuce Mullingar da Longford, muka tsallake kogin Shannon. Jaririya ta yi barci a ƙirjin uwarta har muka isa.

Daga garin Sligo zuwa Lissadell bai fi tafiyar minti ashirin da 'yan kai a mota ba. Dutsen Ben Bulben yana gabanka tun daga fitowa gari, samansa a baje kamar faifai, gefensa da tsaga-tsaga kamar an ja da farce. Direban tasin ya rage gudu a Rathcormac ya nuna mana wani gunkin nata a bakin titi, sannan a Drumcliff ya nuna makabartar da aka binne mawaƙin nan W. B. Yeats. Shi Yeats ya taɓa kwana a Lissadell a 1894, kuma daga baya ya yi wa 'yan matan gidan biyu waƙa, inda ya kamanta ƙaramar da barewa. Yaya ta yi murmushi ta ce ashe su ma suna kiran mace barewa.

Gidan bai yi mini kyau ba a ganin farko, gaskiya. Ƙaton gini ne mai kusurwa huɗu na toka-tokan dutse, ba ado, ba zane, ya tsaya shi kaɗai tsakanin itatuwa da teku. Kakan Constance, Sir Robert Gore-Booth, shi ya gina shi a farkon shekarun 1830, wani magini ɗan Ingila mai suna Francis Goodwin ya zana masa. A lokacin iyalin suna da ƙasa wajen eka 32,000. Asalinsu daga Ingila ne. Kakan kakanninsu soja ne da ya shigo Ailan a zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko, aka saka masa da ƙasar da aka ƙwace daga hannun 'yan ƙasa. Irin waɗannan iyalai sun yi ɗaruruwan shekaru a Ailan, a nan aka haife su, a nan aka binne su, amma addininsu Furotesta ne alhali talakawan da ke noma musu Katolika ne, 'ya'yansu a Ingila suke karatu, kuma kuɗin hayar gona ne abincinsu. Ɗan Ailan yana musu kallon Ingilishi, ɗan Ingila yana musu kallon mutanen Ailan. Jemage, ba ka cikin tsuntsu ba ka cikin dabba.

Da muka shiga ciki sai ra'ayina ya fara sauyawa. Akwai wani dogon zaure mai tsayin rufi, haske yana sauka daga sama, da ginshiƙai a jere. Mai yi mana jagora ya ce gidan yana da nasa wurin haɗa iskar gas tun da daɗewa, fitilu suna ci a nan lokacin da ƙauyukan kewaye suke kwana cikin duhu. Sai ɗakin da ke da manyan tagogi masu kallon kudu. Na tsaya a nan na daɗe. Ruwa ya shimfiɗu a gaba, can tsallake kuma dutsen Knocknarea da tulin duwatsu a ƙoƙuwarsa, inda almarar mutanen wurin ta ce an binne wata sarauniyar yaƙi mai suna Maeve. Wannan suna Constance ta raɗa wa 'yarta.

An haifi Constance a Landan ranar 4 ga Fabrairu 1868, ita ce babba a cikin 'ya'ya biyar: ita, Josslyn, Eva, Mabel da Mordaunt. Mahaifinsu Sir Henry mutum ne mai son tekun ƙanƙara, yana da jirgin ruwansa mai suna Kara da yake shiga can ƙuryar arewacin duniya da shi, ya yi watanni ba ya gida. Mahaifiyarsu Georgina 'yar manyan Yorkshire ce. Constance ta tashi a kan doki, ana cewa a duk yankin ba macen da ta kai ta sukuwa da tsallake shinge, ta kuma iya harbi tun tana yarinya. A 1887 aka kai ta fadar Sarauniya Victoria aka gabatar da ita, yadda ake yi wa 'yan matan manya idan sun isa aure. Ba ta yi auren ba. Ta nace sai ta koyi zane, ta shiga makarantar Slade a Landan, daga nan ta wuce Faris. A can ta haɗu da wani mai zane ɗan Folan, Casimir Markievicz, wanda iyalinsa ke da gonaki a Yukren, matarsa ta rasu ta bar masa ɗa namiji. Suka yi aure a Landan a watan Satumba na 1900, a shekarar da mahaifinta ya rasu.

Hannun wannan mijin yana nan a ɗakin cin abinci. Ya zana mutane a jikin ginshiƙan bango, dogaye, sun fi tsayin mutum. Abin da ya tsayar da ni shi ne ba 'yan gida kaɗai ya zana ba, har da ma'aikata: mai kula da dajin gidan, mai tsaron namun farauta, da sarkin gida Thomas Kilgallon, wanda ya yi shekaru da dama yana bautar iyalin, har tekun ƙanƙara ya bi maigidansa. Baran gida yana tsaye a bango yana kallon teburin da bai taɓa zama a kai ba.

Daga nan aka sauke mu ƙasa, inda madafa da ɗakunan barori suke. Sanyi ya tashi daga daɓen dutse har cikin ƙashi, ga shi a tsakiyar bazararsu muke. Sai aka nuna mana hanyar ƙarƙashin ƙasa. Rami ne dogo da aka haƙa aka gine, ya fita daga gindin gidan ya ɓulla can nesa, domin mai kawo itace da mai kawo nama da mai kwashe shara su shiga su fita ba tare da idon masu gida ko baƙinsu ya sauka a kansu ba. Na tsaya a bakinsa ina jin ɗigar ruwa. Yaya ta ja mayafi ta rufe kan jaririya ta ce, "Ke, mu hau sama, wurin nan ba na mai jego ba ne." Ni kuwa ƙafata ta ƙi ɗagawa. Tunanin da ya zo mini shi ne yarinyar da ta tashi a saman benen nan, tana cin abincin da ya bi ta wannan rami, wace rana ce ta fara tambayar ta ina abincin yake shigowa?

Masu tarihinta suna danganta abin da shekarar 1879, lokacin da amfanin gona ya lalace a yammacin Ailan, yunwa ta sake leƙowa. Sir Henry ya buɗe rumbu yana raba abinci ga masu hayar gonakinsa, 'ya'yansa mata suna gani. Constance tana da shekara goma sha ɗaya. Amma labarin gidan da yunwa ya girmi haka, kuma ba fari ne tas ba. A babbar yunwar da ta fara a 1845, lokacin da cuta ta cinye dankalin turawa, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka bar ƙasar. Kakanta Sir Robert ya ci bashi a kan ƙasarsa ya ciyar da mutane, wannan gaskiya ne. Shi ne kuma ya biya kuɗin jirgi ya kwashe ɗaruruwan talakawansa zuwa Kanada a 1847. Wasu suna cewa ceto ne, wasu suna cewa share gona ne. Tun kafin yunwar ma, ya tashi mutanen Ballygilgan da ke bakin ruwa domin ya faɗaɗa harabar sabon gidansa. Mun wuce wurin a mota. Fili ne fetal, ba ko kango. Direba ya ce da hunturu dinyoyin daji suna tasowa daga Girinlan su sauka a nan dubbai, har ana kiran wurin filin dinya.

Ni a ganina duka biyun gaskiya ne, kuma shi ya sa labarin jikokin Sir Robert ya kama ni. Mutumin kirki ne a cikin tsarin da ba na kirki ba, yana ba da sadaka daga abin da tun asali ba nasa ba ne. Uku daga cikin jikokin sun gane haka, kowa ya bi tasa hanyar.

Josslyn, magajin gida, ya zauna. Ya taimaka wajen kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma masu sarrafa madara, ya mai da harabar gidan wurin noman furanni da ke ɗaukar ma'aikata, kuma da aka yi dokar sayar da ƙasa ta 1903 ya sayar wa masu haya mafi yawan gonakin, wajen eka 28,000. A wannan shekarar ce sojojin ƙasar da ke mulkinsu suka shiga Kano, abin da ya faɗo mini a rai ina tsaye a wurin. Eva, barewar, ba ta da ƙoshin lafiya. Ta haɗu da Esther Roper a Italiya a 1896, ta bi ta Manchesta, ta zauna a unguwar ma'aikata tana haɗa kan matan masaƙu da neman wa mata 'yancin jefa ƙuri'a. Ita Eva ba ta yarda da zubar da jini ba ko kaɗan, har ta mutu. A 1908 'yar'uwarta ta je taya ta yaƙin zaɓe a Manchesta, suna kare aikin matan da ke sayar da abin sha a mashaya, wanda wata doka ke neman hana su. Constance ta tuƙa keken doki mai fararen dawaki huɗu a tsakiyar gari. Ɗan takarar da suka yi wa adawa ya faɗi. Sunansa Winston Churchill.

Constance kuwa ta yi nisan da ba wanda ya zata. Tana da shekara arba'in ta shiga Sinn Féin, jam'iyyar masu neman 'yancin Ailan. A 1909 ita da Bulmer Hobson suka kafa ƙungiyar samari ta Fianna Éireann, tana koya wa yaran talakawa harbi da bindigar da ta koya a dajin ubanta. A 1913 masu kamfanonin Dablin suka rufe ƙofa suka kori ma'aikata wajen 20,000 saboda sun shiga ƙungiyar ƙwadago. Watanni ana yunwa a gari. Ita ce a madafar Liberty Hall, hedikwatar ƙungiyar ƙwadagon, a ƙasan gini, tana feraye dankali tana juya tukunya, har kayan adonta ta sayar ta sayi abinci. Wannan ne ya haɗa mini labarin da ramin da na tsaya a bakinsa. Ta sauka ƙasan bene da ƙafarta, ba ta sake hawa ba.

Ranar Litinin ta Ista, 24 ga Afrilu 1916, ranar da masu neman 'yancin Ailan suka tayar wa mulkin Ingila a Dablin, ta fito da kayan soja ta shiga lambun nan da na fara ganin gunkinta, ƙarƙashin jagorancin Michael Mallin. Da harsashi ya yi musu yawa daga saman otal ɗin da ke kallon lambun, suka koma ginin kwalejin likitocin tiyata suka riƙe shi har ranar Lahadi. An kashe wani ɗan sanda marar makami, Michael Lahiff, a bakin lambun a ranar farko, kuma har yau masu tarihi suna jayayya ko harsashinta ne. Ba na son in ɓoye wannan, domin shi ma ɗan wasu ne. Da za su miƙa wuya ta sumbaci libarbarta kafin ta ba hafsan Ingila. Kotun soja ta yanke mata hukuncin kisa, sannan aka mayar da shi ɗaurin rai da rai saboda mace ce. Tana cikin kurkukun Kilmainham tana jin ƙarar bindiga da asuba ana harbe abokanta ɗaya bayan ɗaya. Eva ce ta yi ta kai da kawowa a kanta, mai ƙin yaƙi tana bin ofisoshi saboda mai yaƙi.

An sake ta a 1917, ta koma Katolika, addinin barorin gidansu. A watan Disamba na 1918, tana tsare a kurkukun Holloway, aka zaɓe ta a mazaɓar St Patrick's ta Dablin, mace ta farko da aka taɓa zaɓa zuwa majalisar dokokin Birtaniya. Ba ta je ta zauna ba, domin zama yana nufin rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila. A majalisar da 'yan Ailan suka kafa da kansu ta zama ministar ƙwadago a 1919. Sai da aka yi shekara sittin kafin wata mace ta sake zama minista a ƙasar.

Duk wannan na ji shi, na kuma jinjina mata. Amma a ɗakin hotuna wani ƙaramin abu ya tsaya mini a wuya. An haifi Maeve a nan Lissadell a watan Nuwamba na 1901, kuma kakarta ce ta raine ta. Uwa tana Dablin, daga taro sai kurkuku, uba ya koma Yukren a 1913 bai sake zama a Ailan ba. Ana ba da labarin cewa bayan shekaru ba su haɗu ba, da za su gamu a wani otal a Landan, sai da aka kwatanta wa yarinyar kamannin uwarta.

Muka fito muka zauna a kan benci a lambun da ke gangarawa bakin teku, Yaya tana shayarwa. Na ce mata ni wannan ya rage mini ita. Wadda ta ciyar da 'ya'yan mutane dubbai, tata guda ɗaya ta gagare ta?

Yaya ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke wa ya raine ki?"

Na ce, "Hajiya Kaka."

"To Inna ta yar da ke ne?"

Na ce ba ɗaya ba ne, mu riƙo al'adarmu ce, kuma gidan Kaka da namu katanga ce kawai a tsakani. Ta ce su ma manyan nan haka suke yi, masu raino ne ke tashin 'ya'yansu, ita kanta Constance ba a cinyar uwarta ta girma ba. Ta ce kuma mahaifinta da ya yi watanni a tekun ƙanƙara ya bar 'ya'ya biyar, wa ya taɓa tambayarsa? Na rasa amsa. Sai ta faɗi abin da ashe yake cinta tun safe. Idan ta koma aiki, kwana uku a mako aikin dare ne, mijinta ma haka, kuɗin gidan raino kuma ya kusa cinye albashinta. Inna ta ce idan an yaye yarinyar a kawo mata ita Zariya.

"Kin amsa, Yaya?"

"Ban amsa ba. Ban kuma ce a'a ba."

Iska ta taso daga ruwa, muka ƙara matsowa kusa da juna. Ban ƙara cewa komai a kan Maeve ba.

Sauran labarin gidan na raguwa ne. Josslyn ya rasu a 1944 bayan yaƙin duniya na biyu ya ci masa 'ya'ya maza biyu. Magajinsa ba shi da lafiyar da zai riƙe dukiya, kotu ta karɓi ragamar, 'yan'uwansa mata suka yi shekaru suna jayayya da hukuma ana sare itatuwan gidan ana sayarwa, su kuma suna zaune a 'yan ɗakuna kaɗan rufi yana yoyo. A 2003 iyalin suka sayar da gidan. Wasu lauyoyi ne, mata da miji, suka saya suka gyara shi, su ne suke buɗe wa baƙi ƙofa yanzu.

Mun koma Sligo da yamma. Rana ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe goma, muka yi magariba a masauki ido na rufewa. Washegari muka kama jirgin Dablin.

Kwana biyu kafin in taso gida na je makabartar Glasnevin ni kaɗai. Shekarunta na ƙarshe sun yi mata nauyi. Ta ƙi yarjejeniyar da aka yi da Ingila a 1921, ta tsaya a ɓangaren da ya sha kaye a yaƙin basasa. Eva ta rasu a watan Yuni na 1926, mahaifiyarsu ta bi ta a farkon 1927. A hunturun da gawayi ya yi wuya a Dablin, ana ganinta tana ɗauko busasshiyar ƙasar fadama da suke ƙonawa a madadin itace, a tsohuwar motarta, tana hawa da buhu a kafaɗa zuwa ɗakunan tsofaffi a gidajen haya. An sake zaɓenta a watan Yuni na 1927. Bayan 'yan makonni ciwon afendis ya kwantar da ita a asibitin Sir Patrick Dun, ta ce a sa ta a babban ɗakin da ake kwantar da talakawa. Casimir ya taso daga Warso shi da ɗansa. Maeve ma ta zo. Ta cika ranar 15 ga Yuli 1927 tana da shekara 59. Gwamnatin lokacin ta ƙi yi mata jana'izar ƙasa, sai aka ajiye gawar a zauren Rotunda, talakawan Dablin suka yi dogon layi suna wucewa, suka cika tituna har makabarta. Josslyn yana cikin masu rakiya.

Kabarin ba shi da girma, yana cikin jerin na 'yan gwagwarmaya. Wani ya ajiye furanni a kai, ruwan sama ya jiƙa su. Ina tsaye wayata ta yi ƙara, Inna ce daga Zariya. Bayan gaisuwa ta tambayi takwararta, ta ce ta sa an gyara ɗakin da ke kusa da nata, an yi masa sabon fenti, in gaya wa Yayata. Na ce to, Inna, zan gaya mata. Na mayar da wayar jaka na nufi bakin titi neman bas.